Kilishi a Gaban Suruka

Zaharaddin mahauci ne ɗan mahauci, kuma a duk unguwar Yelwa ta Garwa ba a musun kilishinsa. Kakansa ya zo daga Kano da fatauci, ya ga kogin Binuwai, ya sauke kaya, bai ƙara ɗauka ba. Jikan ya gaji wuƙa, ya gaji haɗin labun da ake tsoma nama a ciki, ya gaji tebur a bakin kasuwa. Teburin ne ya sayar, ya sayi injin liƙe leda.

Shawarar Théodore ce. Théodore mutumin kudu ne, mai ɗaukar bidiyon biki, ya daɗe a Garwa har ya iya zagi da Fillanci da ciniki da Hausa. Patron yake ce wa Zaharaddin, wato maigida. Shi ya ce kilishi a takardar siminti ya zama na da.

"Patron, kayanka ba su da suna. A sa su a leda, a raɗa musu suna, a kai su Duwala."

Aka raɗa: Kilishi Mai Dorina. Théodore ya zana dorina tana dariya a jikin ledar, don a cewarsa duk ɗan kudun da ya ji an ce Garwa, dorina yake fara tunawa. Zaharaddin ya yanka, ya shanya, ya tsoma, ya gasa, ya liƙe, duk tsawon rani. Kwalaye suka cika ɗakin baƙi har rufi. Matarsa Fati ta koma ajiye tabarmi a ƙarƙashin gado.

Sai aka samu Madam Berthe, mai kantuna a Duwala. Ta karɓi kwalin gwaji, bayan 'yan kwanaki ta bugo waya. Théodore ya sa ta a lasifika yana fassarawa, ko da yake Zaharaddin yana jin Faransancin kasuwa, kuma faɗa ba ya bukatar tafinta.

Ta ce mutane suna ɗaukar ledar, su kalli dabbar da ke jiki, su ajiye. Wasu sun ce naman dorina ne. Wata mata ta ce in dai an kai ga yanka dorina, to jakai sun ƙare. Ita Berthe ta ci, ta san naman sa ne, amma ba za ta tsaya a bakin kowane kanti tana rantsuwa ba.

"Bidiyo nake so. Gajere. Mai kayan da kansa, fuskarsa a fili. Ya yage leda, ya ci, ya haɗiye, in ga maƙogwaro ya motsa. In ya zo, na kwashe duk abin da ke gare ku. In bai zo ba, akwai wani a Ngaundere, ya riga ya aiko nasa, yana ci har da lashe yatsa."

Zaharaddin ya dubi ɗakin baƙi. Damina ta kusa. In laima ta shiga kwalayen nan, funfuna za ta rufe su, kuma ba tebur da zai koma. Abin da ya rage shi ne kwata, ya riƙa riƙe wa wasu ƙafar sa ana feɗewa, yana da furfura a gemu.

Ya ce, "Ci kawai? Ai wannan ba aiki ba ne."

Da safe aka share tsakar gida. Théodore ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya sa wa Zaharaddin farar riga, ya hana shi sa hular da ta sha maiƙo. Aka ɗauki wuƙa tana bin nama har ya zama siriri ana ganin rana ta cikinsa. Aka ɗauki labu yana ɗiga. Aka ɗauki garwashi. Zaharaddin bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya yage leda, ya zaro yanki ja, ya ɗaga shi zuwa baki. Sai hannun ya tsaya a hanya.

"Tiyo," ya kira Théodore.

"Ci, patron, tana tafiya."

"Wa zai ga wannan abin?"

"Kowa!"

"Kowa na Duwala?"

"Kowa na duniya. Abin waya ne. Yau Duwala, gobe Faransa."

"Har Rai Buba?"

"Rai Buba ai nan ne bayan gida."

Zaharaddin ya mai da naman cikin leda, ya naɗe bakinta, ya ajiye.

A Rai Buba mahaifiyar Fati take, Dada Khaula, Bafillatana ta gidan shanu. Tun da aka ɗaura auren, Zaharaddin bai taɓa kai loma baki a gabanta ba, bai taɓa kurɓar ruwa ba. Haka ake yi. Suruki ba ya ci a gaban suruka, ita ma ba ta ci a gabansa. Shekarar da ta zo Garwa aka yi mata aikin ido, ta sauka a gidansa, a zauren maƙwabci yake cin tuwo a tsaye, har wandonsa ya fara zamewa. A sanin Dada, mijin 'yarta iska yake sha. Kuma Dada tana da waya. Jikanta na Yawunde ya saya mata, ya jefa ta cikin duk wata ƙungiyar dangi ta WhatsApp. Ko akuya ta haihu a Pitowa, Dada tana gani kafin mai akuyar.

Théodore ya saurari bayanin da baki buɗe. Ya ce shi a garinsu, in ba ka cinye abincin surukarka ba, har ka nemi ƙari, sai ta kai ƙararka.

"Garinku ke nan," in ji Zaharaddin.

Fati tana bakin murhu tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, ka juya baya mana."

Aka gwada. Zaharaddin ya ba kyamara baya, ya ci. Kunnuwansa suna motsi, ƙeyarsa tana sheƙi. Aka tura Duwala. Berthe ta ce ba ta taɓa ganin an sayi abinci saboda ƙeya ba.

Aka rataya zane a igiya, ya shiga baya, Théodore ya kara abin ɗaukar murya a jikin zanen. Berthe ta saurara, ta tambaya ko akuya ce ta samu kwali.

Aka naɗa masa rawani har hanci, ya riƙa cusa naman ta ƙarƙashi. Berthe ta ce wa ya sani, ƙila cikin riga yake zubawa. Ta ƙara da cewa ita ba fashi ta ce a ɗauka mata ba.

Théodore ya ce a samo Hamadu, ƙanin Zaharaddin, ai kamarsu ɗaya. Hamadu ya zo, ya ji zancen, ya ce shi ma ba daga sama ya auro matarsa ba, surukarsa tana Pitowa da waya biyu. Ban da haka, in Dada ta ɗauka Zaharaddin ne, kunyar ta hau kansa ba tare da ya ɗanɗana komai ba. Ya ɗebi leda biyu ya tafi.

Rana tana ta dukan Garwa kamar kullum, amma da yamma gajimare ya fara taruwa ta wajen Lagdo. Zaharaddin ya shiga ɗakin baƙi ya shinshina kwalaye. Lafiya tukuna.

Ya je wurin limamin unguwa. Liman ya saurara, ya shafa gemu, ya ce addini bai hana mutum ci a gaban kowa ba, in dai ya yi bisimilla da hannun dama.

"Wannan naku ne, ku da surukanku. Kada ku jawo ni."

Sai ya kai maganar gindin darbejiyar da mahauta suke zama bayan an tashi daga kwata. A nan aka ɗauke ta da muhimmanci. Baba Ishaku, wanda ya fi kowa shekaru, ya sa aka kashe rediyo.

"Ita tana Rai Buba, kai kana Garwa," in ji wani. "Ina gaban yake?"

"Gaban yana cikin wayar," in ji Baba Ishaku. "In ta buɗe ta gani, ka ci a gabanta. In ba ta buɗe ba, ba ka ci ba."

"Baba, ai na riga na haɗiye tun ranar da aka ɗauka."

"Wannan tsakaninka da cikinka ne. A wurinta, ranar da ta buɗe za ka fara taunawa."

Aka shiga auna wannan. Mahamat, wani dillalin shanu mutumin Kusuri, ya ce to in ta mai da shi baya ta sake kallo fa?

"Ya sake ci."

"In ta kwana tana maimaitawa?"

"Ya zama mai haɗama. A kai masa magani."

Aka yi dariya, ban da Zaharaddin.

"In ta tura wa ƙawayenta?"

"Ya ci a gaban tsofaffin Rai Buba gaba ɗaya, a tsaye, ba ko tabarma."

"To mene ne mafita, Baba?"

"Kada ta buɗe. Ka je ka roƙe ta."

"Ta yaya zan roƙe ta kada ta ga ina ci, ba tare da na gaya mata ina ci ba?"

Baba Ishaku ya ce a kunna rediyo.

Da ya faɗa wa Fati, ta yi dariyar da ta sa ta zauna a kan turmi. Ta ce in kana son Dada ta kalli abu, ka ce mata kada ta kalla. Amma ta ɗaura mayafi, ta haɗa tsaraba: sabulu, sukari, turmin atamfa, da ledar kilishi. Théodore ya ce zai bi su, bai taɓa ganin Rai Buba ba, kuma ba ya rabuwa da kyamararsa ko bayi zai shiga.

Suka shiga motar haya, mutum a kan mutum, buhun albasa a kan ƙafa. A Lagdo aka tsaya sauke kaya. Zaharaddin ya zauna wurin mai gasa kifi ya ci har ya gaji, ya sha ruwa, ya ƙara ci, don ya san daga nan sai ya dawo. Théodore ya ɗaga kyamara. Zaharaddin ya nuna shi da ƙayar kifi, sai Théodore ya sauke ta.

Gidan Dada yana gefen gari, zana ta kewaye shi. Zaharaddin ya cire takalma tun daga waje, ya shiga a sunkuye, ya tsuguna kusa da rumbu, fuskarsa tana kallon bangon rumbun. Dada tana kan tabarma a inuwar ɗaki, siririya, a miƙe, waya a cinyarta. Aka yi gaisuwa da Fillanci. Aka tambayi gida, da yara, da zafi, da shanu, da hanya, aka sake komawa kan zafi. Duk da tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi tsawon tabarya biyu ba, ta bakin Fati maganar take bi.

Da gaisuwa ta ƙare, Fati ta gyara zama.

"Dada, akwai wani hoto mai motsi da za a yi a Garwa."

"To."

"A cikinsa, wani mutum zai sa wani abu a wani wuri."

"Wane mutum?"

"Wani dai. Na gida."

"Wane abu?"

"Abin sana'a."

"A wane wuri?"

Fati ta dubi bayan mijinta. Ta ce, "Wurin da aka saba sa irinsa."

"Fati, a Garwa kika koyi magana kamar boka?"

Théodore, da yake tsaye yana fifita da hularsa, ya ga abin zai kai su dare. Ya ce da Fillancinsa na kasuwa, da ƙarfi, don tsofaffi yake gani ba sa ji:

"Mama, patron zai ci nama a bidiyo. Ana roƙo kada ki kalla."

Kazar da ke tsakar gidan ta bar tonon da take yi ta fita. Zaharaddin ya matsa har goshinsa ya taɓa rumbu.

Dada ta ce, "Ki gaya wa baƙon kudu ban ji abin da ya ce ba."

"Ta ce ba ta ji ba."

"In maimaita?"

"Kada ka kuskura."

Dada ta juya wayarta a hannu. Ta daɗe tana juyawa. Sannan ta yi magana, tana kallon sama, kamar da gajimare take.

"Abin da ban ji ba ɗin nan. Wato in waya ta yi kuka, in tsaya in tambaya. Ɗan Yawunde ya aiko, in ce mene ne a ciki. Goggonku ta aiko, in ce mene ne a ciki. 'Yan Marwa su aiko, 'yan Ngaundere su aiko, ni kuma ina zaune ina tsoron wayata kamar an sa mini kunama a faifai. Ido ɗaya likita ya gyara mini. Ban sha wuƙarsa don in zo in rufe ba. Ki gaya wa mai rumbun can, a'a."

"Ta ce a'a."

Zaharaddin ya ji. Yana kallon tururuwa tana hawan bangon rumbu da ƙwayar dawa. Ya ga ɗakin baƙi, ya ga kwalaye sun yi kore. Ya ga kansa a kwata da asuba, yana riƙe da ƙafar sa, yaran da ya koya wa wuƙa suna ce masa Baba matsa can. Zai iya komawa Garwa ya ci naman, a tura Duwala, Dada ta gani, a yi surutu, a manta. Mutane suna yin abin da ya fi haka. Ya auna, ya ga ba zai iya sake tsugunawa a gindin rumbun nan ba bayan an ga cikin bakinsa.

Ya ce a hankali, "Ki ce an fasa."

"Malam!"

"Ki ce an fasa. Ba za a yi ba."

Théodore ya jefar da hularsa ƙasa, ya yi wata magana da yaren garinsu.

"Dada, ya ce an fasa."

"Madalla." Dada ta kori ƙuda. "In an fasa, sai me?"

Fati ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta faɗa tiryan-tiryan: an sayar da tebur, ɗaki ya cika da kaya, matar Duwala za ta koma wa ɗan Ngaundere, ruwa zai sauka, kayan za su ruɓe, maigida zai koma leburan kwata.

"Ke kuma?"

"Ni kuma in zo nan da yara, mu taya ki kallon waya."

Wannan ya fi komai shiga Dada. Ta dubi ɗakinta, ta dubi tsakar gidanta mai shiru. Ta ce, "Miƙo mini tsarabar."

Fati ta miƙa ledar. Dada ta kai ta kusa da idon da aka gyara.

"Wannan mai ƙaton bakin fa?"

"Dorina ce."

"Me ta yi muku?"

Dada ta shinshina ledar ta waje.

"Matar Duwala so take ta ga an ci ba a mutu ba. Ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To ku Hausawa da mutanen kudu kun taru kun rasa kan abu ƙarami. Ba a ce kada a ci ba. Cewa aka yi kada a gani. Tsakanin babba da yaro, wa ya kamata ya kau da kai? In shi ya ci, ni zan yi ta kau da kai, da wuyan nan nawa. In ni na ci, shi zai kau. Ga shi can, tun ɗazu bango yake kallo, bai gaji ba. Ya saba."

Fati ta ce, "Dada, duniya fa za ta gani."

"Duniya ta auri 'yata ne? Ki ce ya fita."

Zaharaddin ya fita da baya, a sunkuye. Ya sa takalma, ya tsaya a jikin zana. Muryar Dada ta biyo shi: a gaya masa zana tana da huda. Ya matsa gindin wata tsamiya. Daga can ya ji Théodore yana jan ƙafafun kyamara, yana cewa a juyo da tabarma wajen haske. Ya ji an yage leda. Sai ya tuna bai tambayi Baba Ishaku hukuncin ji ba. Ya toshe kunnuwa, ya ƙara gaba, har ya kai bakin wata rijiya inda mata suke ɗiban ruwa. Suka gaishe shi, ya amsa da yatsu a kunne. Duk da haka sai da iska ta kawo masa muryar Théodore sau ɗaya: "Encore, mama! Encore!" Wato a ƙara.

Ya daɗe a wurin. Da Fati ta zo kiransa, idanunta sun yi ja don dariya. Ta buɗe baki.

"Kada ki gaya mini."

"Ai ba komai zan ce ba. Leda ta biyu take nema."

A mota, Théodore ya rungume kyamara kamar jariri. Ya ce ya ɗauki amare, ya ɗauki 'yan siyasa, ya ɗauki fasto yana fitar da aljanu, bai taɓa samun fuska irin wannan ba. Ya ce akwai wani wuri da take ɗaga gira. Zaharaddin ya leƙa kai ta taga har suka wuce Lagdo.

"Amma Madam cewa ta yi mai kaya," in ji shi da suka iso gadar Binuwai. "Wannan ba mai kaya ba ce."

"Bar ni da Madam."

Ba a bar shi da ita ba, don ana tura mata bidiyon ita ta bugo da kanta, tana ihu tun kafin a ɗauka sosai. Wace ce wannan sarauniyar? Théodore ya ce surukar patron ce. Berthe ta fashe da dariya. Ta ce mutum yana iya cin guba don ya sayar da kaya, ta ga masu yi. Amma wanda ya ba surukarsa nama, ta ci, ta nemi ƙari, ta tashi da ƙafafunta, wannan duk Duwala za ta yarda da shi. A loda mata komai. Ɗan Ngaundere ya ci gaba da lashe yatsunsa.

"Kuma wurin nan da take tsayawa ta kalli naman, sannan ta..."

"Madam, pardon," in ji Zaharaddin. "Kada ki ƙarasa."

Bidiyon ya fita. Dada ce ta fara tura shi, ga kowa, har da likitan idonta. Kafin a gama ɗaure kwalaye ya zaga Garwa ya dawo. Zaharaddin ya miƙa wa Fati wayarsa, duk saƙon da ya shigo ita take fara buɗewa, ta goge, ta ba shi. Wani lokaci takan daɗe kafin ta goge.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, Fati ba ita kaɗai Dada ta haifa ba. Akwai mijin yayarta, jandarma, wato ɗan sanda, a Marwa. Akwai mijin ƙanwarta, malamin makaranta a Pitowa. Jandarman ya bugo yana huci: ya buɗe saƙon ofis, ya ga hannu ya ɗaga nama, ya gane awarwaron, ya wurgar da wayar gwamnati ta taga. Malamin ya ce ɗalibansa suna kunna abin a aji don su ga ya shige ƙarƙashin tebur. Dukansu suka ce Zaharaddin ya cuce su. Ya ba su haƙuri, ya aika musu da kilishi.

Shi kansa tafiya a gari ta zama aiki. Ɗan acaɓa zai juyo a tsakiyar titi da waya a hannu: "Alhaji, ba tsohuwarka ba ce wannan?" Sai ya rufe ido, ya ce a kalli hanya. A gindin darbejiya mahauta suka yi masa adalci, in za su kalla sai su ce, "Zaharaddin, juya," ya juya, su kalla, su ce, "Dawo." Baba Ishaku ya yanke cewa ji ba gani ba ne, amma kada a saurara da sha'awa.

Ranar lodi, ya kai kwalaye tashar manyan motocin kudu a cikin amalanke. Sama ta yi baƙi. Yaran mota suna jefa kaya a ƙarƙashin bas, shi yana cewa a bi a hankali. Da kwalin ƙarshe ya shige, iska ta taso, ruwa ya sauko gaba ɗaya. Kowa ya ruga ɗakin jiran fasinja. Zaharaddin ya ruga tare da su, ya kai bakin ƙofa, ya ji kiɗan da Théodore ya sa a farkon bidiyon yana fitowa daga talabijin ɗin bango. Berthe ta sa a riƙa nuna shi a tasha.

Ya ja da baya. Ya tsaya a waje, a ƙarƙashin ɗan guntun kwanon da bai kare komai ba, ya ba ƙofa baya. Ruwa yana bin wuyan rigarsa. A ciki ɗakin ya ɗauki dariya da tafi, wata mata tana cewa a maimaita.

Wani fasinja mai jaka a kafaɗa ya leƙo, ya ga rigar Zaharaddin mai tambarin kilishi a ƙirji.

"Malam, kilishin tsohuwar nan, a ina ake samu?"

"Yelwa. Ka tambayi gidan Zaharaddin."

"Kai yaronta ne?"

Zaharaddin ya share ruwa daga fuska. Ya ce, "E."

"Shigo mana ka fake, za a sake nunawa. Ka gani kuwa?"

"Ban gani ba."

"Kai! Kana yi mata aiki ba ka gani ba? Wallahi matar nan ta iya cin nama."

"Haka na ji ana faɗa," in ji Zaharaddin. Ya matsa gefe kaɗan, inda kwanon ya fi zuba, don a can ba a jin talabijin sosai.